A Bar Ɗana Ya Zaɓi Taurarinsa a Gidan Gem

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyar masu gidajen gem na cikin garin Dutse, da sauran manyan da kuke zama tare,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya aiki, yaya kasuwa, yaya muka ji da zafin nan? Allah ya sauko mana da damina lafiya.

Ni ce Iya Mairo mai ƙosai, wadda take suya a gindin dalbejiyar ƙofar shagon Habu mai gem, wasan inji na talabijin ɗin nan, a Takur. In ka taɓa zuwa shagon da safe, to ka tsallake itacena. Ban yi boko ba, matar ɗana ce take rubutawa, kuma na ce ta sa yadda ya fito daga bakina. Na taka har gidanka ba sau ɗaya ba, yau a ce ka tafi Kano sayo kaset, gobe a ce kana barci. Shi ya sa na ce a buga maganar inda kowa zai gani, ko wani ya karanta maka.

Maganar a kan ɗana ce. Ɗan farina ne, don haka ba zan kama sunansa ba, Baban Ummi ake ce masa a unguwa. Ka san mu mutanen da, ko kallon ɗan fari ba ma yi a gaban jama'a, balle mu tsaya muna yi masa magana. Tunda ka ga na fito da shi har cikin takarda, ka san abin ya kai ni maƙura.

Na farko, bari in gaya maka abin da idona ya gani, don kada ka ce tsohuwa me ta sani a gem.

Daga wani ƙauye a ƙasar Kafin Hausa muka taso, bayan rasuwar malam maigidana, lokacin da aka mai da Dutse babban birnin jiha kowa yana tahowa neman abinci. Ina nan a gindin bishiyar nan Habu ya kama shago. Injinsa na farko wani ɗan mutum ne a ciki mai tsalle-tsalle yana faɗawa rami. Daga baya aka kawo na dambe, sannan na ƙwallo. Ƙofar shagon tana kallon kaskona, duk wanda ya shiga ya fita a idona ne. Ban taɓa riƙe abin dannawar nan ba, amma daga ihun yaro ina sanin ko ya ci ko an ci shi. Kuma yaran sun koya mini cewa na ƙwallon nan taurari gare shi, daga ɗaya zuwa biyar. In ka sa ɗaya, 'yan wasan injin sai su zama kamar waɗanda suka sha kunu suka ƙoshi. In ka sa biyar, aljanu ne. A da, kowa ya zauna shi yake zaɓar nasa. Dokar shagon guda ce tal, wanda aka ci ya tashi ya ba na baya.

Na biyu, yadda ɗana ya shiga cikin wannan abu.

Acaɓa yake yi, da shi yake riƙe da mu duka. Wata mota ta kwashe shi a hanyar Kiyawa, Allah ya yi da sauran kwana. Ƙafa ta warke, amma hannun dama ya ƙi. Yatsun suka ƙanƙame, babban yatsan ma sai ya yi da gaske yake motsawa. Aka sayar da babur aka yi magani. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya kwantar da shi, sai ga shi a ɗaki, fuska ga bango. Ba ya fita sai masallaci, shi ma a sahun baya, a yi sallama ya sulale. A kai masa tuwo ya ce a ajiye. 'Yarsa Ummi ta shiga da wasanta ya ce a fitar da ita. A asibiti sun ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya wurga ta ƙarƙashin gado. Muka shafe damina guda a haka, har aka yi girbi.

Habu abokinsa ne tun suna samari. Shi ya zo wata safiya ya ja shi, wai ya zo ya taya shi zaman shago kafin yara su taso daga makaranta. Da farko kallo kawai yake. Ran nan ina juya ƙosai sai na hango shi da abin dannawa a cinya, ya tallafe shi da hagu, yana lallaɓa shi da wannan hannun da ya ƙi. Tauraro ɗaya ya sa, shi da kansa, ba wanda ya sa masa. Aka ci shi. Ya sake, aka ci shi. Da ya zura ƙwallo ta farko a raga, wallahi Alhaji, sai na ji wata dariya daga cikin shagon da rabona da ita tun kafin hatsarin. Na sunkuyar da kai na yi kamar ina gyara wuta, hayaƙi ya rufa mini asiri.

Daga nan kullum da hantsi yana can. Da ɗaya ta daina yi masa gardama, ya koma biyu. A biyun nan ya daɗe yana shan kashi. Ya dawo gida yana ta mita, wai mai tsaron gidansa rago ne, wai alƙalin wasa ɗan son kai ne. Amma yana mitar yana cin tuwo, har ya ce a ƙaro miya. Yatsun nan suka fara sakewa. Ya fara ɓalle maɓallin rigarsa da kansa. Ya fara riƙe buta da dama. Da azumi ya zo ya ce wa matarsa bayan salla zai gwada uku, kuma in hannun ya ci gaba a haka zai nemi wani ya ba shi babur haya ya gwada ko zai iya murza shi. Wannan ita ce maganar aiki ta farko da ta fito daga bakinsa.

Na uku, dokarku.

Bayan ƙaramar salla Habu ya dawo daga taronku ya manna takarda a ƙofa. Aka karanta mini. Wai daga yau duk injin da ke cikin gari a ɗaure shi a tauraro biyar, ba mai saukewa, wanda aka kama ya sauke a rufe masa shago. Na tambayi dalili. Aka ce tunda shari'a ta zo, iyaye da malamai da 'yan hisba sun kawo kuka cewa yara suna daɗewa a gem, suna makara salla da Islamiyya. Sai kuka zauna kuka ga in an tsananta wasan za a riƙa cinye yaro da wuri ya tashi ya tafi.

Alhaji, ni ba na faɗa da salla. Ni ce nake korar yaran nan da muciya in an kira azahar, tun kafin a san da wata hisba. Amma ka zo ka zauna a gindin bishiyar nan yini guda ka ga ko dabararku ta kai yaro ɗaya masallaci. Wanda aka cinye ba ya tafiya, komawa yake bayan layi yana huci yana jiran ramuwa. A da yaro ya yi wasansa, ya ci ɗaya a ci shi ɗaya, ya fito ransa fes ya sayi ƙosai ya wuce. Yanzu sai zage-zage, sai buga abin dannawa da ƙasa, har dambe na raba da hannuna. Ƙananan kuwa, waɗanda suke koyo, sun daina shiga, sai leƙe ta taga. Waɗanda suka ji daɗin dokar nan wasu zaratan samari ne da ba su cika hannu ɗaya ba, waɗanda dama a biyar suke wasansu. Su yanzu sun gaje kujerun, tunda ba a cin su ba sa tashi, kuma su ne ainihin masu makarar sallar. Mutane suna cewa wai don layi ya riƙa gudu ne ciniki ya ƙaru. Ni ban ce ba, ban shiga zuciyar kowa ba. Na dai gaya maka ana faɗa.

To, ɗana ya je washegari bai san an canja ba, don ba ya tsayawa karanta takardar ƙofa. Asabar ce, shagon cike da yara. Kafin ya gyara zama an zura masa. Kafin ya juya yatsa an ƙara. Hannun da yake lallaɓawa a biyu, yaya zai yi da biyar? Ina ji wani yaro da bai kai Ummi wayo ba yana cewa, "Baba, ka ba masu hannu mana, kana ɓata mana layi." Aka kwashe da dariya. Ya ajiye abin a hankali ya fito. Ya wuce ta gabana bai ko kalli kaskon ba. Ya ƙara gwadawa da safe in ba kowa, ya ga abu ɗaya ne, ko taɓa ƙwallon ba ya samu. Sai ya daina zuwa.

Na huɗu, kuma wannan ya fi ci mini rai, don a nan ne aka ƙarasa shi.

Na sami Habu na ce, "Kai Habu, ka san abin da wasan nan yake yi wa abokinka. Ka mayar masa da abinsa yadda yake." Ya ce, "Iya, in aka kama ni shagona za a rufe, akwai masu kai rahoto. Amma ki bar ni da shi." Ni na ɗauka zai zo wajenka ne ya nemi alfarma. Ashe wata dabara ya ƙulla. Ya je ya lallaso Baban Ummi, ya ce masa ai biyar ɗin ma sabo ne, ya zo ya sake gwadawa. Kafin ya iso, Habu ya shiga cikin injin ya sauke shi har ƙasa, tauraro ɗaya, ya wuce wurin da ake ganin taurarin, ya miƙa masa abin dannawa kamar ba a yi komai ba. Ya kuma ja kunnen samarin da ke wurin kada wanda ya yi magana.

Aka fara. Ya zura, ya ƙara, ya ƙara. Samarin nan suna ta tafi suna "Sai Baban Ummi! Yau biyar ta ga maza!" Ni ma daga waje na fara murna, ban san komai ba. Can sai na ji tafin yana ta yi amma ba na jin dariyarsa. Mutumin da ya yi wata da watanni a ɗaya kafin ya wuce ta, shi za a ɓoye wa ɗaya? Ya san tafiyar 'yan wasanta kamar yadda na san ƙullun da aka cika wa ruwa. Ya saki abin dannawar a cinyarsa ya naɗe hannu, ƙwallo tana ƙafar ɗan wasansa a tsakiyar fili, ya zuba ido. 'Yan injin suka yi ta kewaye shi kamar masu jin kunyarsa. Sai ya juyo ya ce, "Habu, nawa ka sa?" Habu ya fara kame-kame. Baban Ummi ya ce, "Da aka ci ni a biyar, yaro ne ya yi mini dariya. Yau kai ne ka mai da ni yaro."

Tun daga ranar bai sake taka ƙofar shagon ba. Habu ya zo ba da haƙuri ya fi a ƙirga, a ce masa yana barci. Ban ga laifin Habu sosai ba, tausayi ne ya yi masa yawa, kuma dokarku ce ta sa shi yin abu a ɓoye. Da taurarin a buɗe suke, da ba a kai ga yi wa magidanci wasan yara ba.

Na biyar, abin da nake so ku gane, ku da kuka fi ni sanin injin.

Ni ƙosai nake sayarwa. Duk wanda ya zo sai na tambaye shi, a sa yaji? Wani ya ce a cika, wani ya ce kaɗan, mai gyambon ciki ya ce ko ƙura kada ta taɓa. Da zan tashi wata safiya in ce daga yau kowa sai cokali biyar na yaji, da kaskona ya bushe. Da kuma zan ga mutum ya ce a sa, in dube shi in raina cikinsa in hana shi a ɓoye, ya kai baki ya ji salam, wannan ma ba zai dawo ba, kuma sai ya fi wancan jin haushina. A ƙauyenmu in za a koya wa ɗan maraƙi huɗa, ba a fara ɗaura masa garma. Gungume ake sa masa ya ja, in ya saba a ƙara mai nauyi. Malam, Allah ya jiƙansa, bai taɓa barin maraƙi a kan gungumen da ya fi ƙarfinsa ba, kuma bai taɓa barinsa a kan wanda ya raina ba, don ya ce duka biyun lalata sa suke yi.

Abin da na lura da shi a ƙofar shagon nan shekara da shekaru ke nan. Daɗin wasan ba a cin yake ba. Na ga yaron da ya ci da yawa ya fito yana hamma. Na ga wanda aka ci da ƙyar ya fito yana tsalle yana ba da labari har da kwatance da ƙafa. Mutum yana so ne ya ji da ya ƙara ƙoƙari kaɗan da ya samu, gobe ya dawo ya ƙara ɗin. Kuma ba wanda ya san inda wannan kaɗan ɗin yake sai mai hannun. Kai ba ka sani ba, Habu bai sani ba, ni da na haife shi ban sani ba.

Yanzu ga halin da muke ciki. Ya koma ɗaki. Tuwo yana kwana a kwano. Matarsa ce ta koma ɓalle masa maɓalli, jiya na ga ya ɗauki buta da hagu. Maganar babur ta mutu, ba mai tayar da ita. Mai ɗorin da ya duba shi ya gaya mana tun farko cewa irin wannan hannun in aka bar shi ya sake ƙanƙamewa, karo na biyu ba ya sakuwa da sauƙi. Ni na tsufa, Alhaji. Gwiwoyina ba sa son tsugunno, hayaƙi ya cinye mini ido. Kaskon nan ba zai riƙe gida har abada ba, kuma ba na so in rufe ido in bar shi yana kallon bango.

Wataƙila ka ce ai ya sayi nasa injin ya ajiye a gida. Da me? Kuma ko an ba shi kyauta, ba injin kaɗai ba ne. Fitar ce, da wankan da yake yi don zai fita, da zaman cikin maza, da musun da ake yi bayan an tashi.

Don haka ga roƙona, kuma ba alfarma nake nema wa ɗana shi kaɗai ba, don in aka ce shi kaɗai aka sauke wa, ba zai zo ba, na san abina.

Ku cire dokar nan a buɗe taurari ga kowa, babba da yaro, kowa ya zaɓa da hannunsa a gaban kowa. In salla ce damuwarku, a kashe janareta in an yi kira, a rufe ƙofa har a idar, a hana mai kayan makaranta shiga lokacin karatu. Wannan ni zan taya ku tsaro, ba sai kun biya ni ba. In daɗewa a kujera ce, a yanka wa kowa wasa ɗaya ko biyu, ya ci ko a ci shi ya tashi, gwani da ɗan koyo duka. Sannan ka ja kunnen masu shaguna, kada wanda ya ƙara taɓa wa mutum tauraro a ɓoye, ko don mugunta ko don tausayi. Kuma kada a rufe wa Habu shago saboda na tona abin da ya yi. Iyali gare shi, kuma da kyakkyawar niyya ya yi.

Abin da ya sa na matsa a rubuta takardar nan a makon nan, ban bari sai ka dawo daga tafiye-tafiyenka ba, shi ne ranar Juma'a da ya dawo daga masallaci ya tsaya a bakin ɗaki yana cire takalmi, ya tambayi matarsa, kamar abin bai dame shi ba, wai takardar nan tana nan a ƙofar Habu? Ta ce tana nan. Ya ce to, ya shige. Mutumin da ya fid da rai ba ya tambaya. Amma ban san sau nawa zai ƙara tambaya ba kafin ya daina.

In kun cire ta, kada wani ya zo gidanmu da ban haƙuri, kada a ce an yafe masa kuɗin wasa, kada a yi masa tafi in ya shigo. Habu ya aiko a ce an buɗe taurari, shi ke nan. In ya zo ya sa uku aka lallasa shi, don Allah ku bar shi ya sha kashinsa, ya dawo gida yana zagin mai tsaron gida, a zuba masa tuwo.

Allah ya ba ka ikon yin adalci a kan abin da aka ɗora maka, ya sa albarka a kasuwarku, ya shirya mana yaranmu da naku. Allah kada ya nuna maka ɗanka a kwance kana tsaye ba yadda za ka yi. Ina gindin dalbejiya kullum daga asuba har rana ta take, in kana da amsa ka san inda za ka same ni.

Wassalamu alaikum.

Iya Mairo mai ƙosai,
Takur, Dutse.